Ranar da Na Ɗauko Mawaƙi a Mota

Lokacin da muke zaune a unguwar Glenwood, can jihar Carolina, ni da maigidana, a wani ɗan gida kusa da jami'a, akwai abokinsa da ba ya fashin tuwonmu na Lahadi. Dokta ake kiransa, alhali digirin ya ƙi ƙarewa shekara da shekaru. Matarsa ce ke riƙe da gida, tana jidar kwalaye a wani sito a Wendover, shi kuwa sai zaga gidajen mutane da ilimi a baka.

Wata shekara ya shiga ajin adabin Japan, ya dawo mana da haiku, waƙar nan mai layi uku. Ya ɗauko wani tsohon mawaƙinsu ya ɗora a kai. Mutumin, in ji shi, ya rabu da bukkarsa, ya ɗauki sanda da malfa, ya yi ta tafiya a ƙafa daga gari zuwa gari, har ciwo ya kayar da shi a hanya ya mutu.

Da surutun ya ishe ni, na aro waƙoƙin a laburare. Tsohon ya burge ni. Ba ya wa'azi, ba ya yi wa kansa kirari. Zai ga ƙwaro a jikin dutse, ko ruwa na zuba a kan rufin ciyawa, ya faɗi abin da ya gani, ya yi shiru. Shirun nan ne Dokta bai taɓa lura da shi ba. Nasa waƙoƙin duk a kan kansa suke. Yakan ƙirga gaɓoɓi da yatsun da bai gama suɗe miyarsu ba, ya karanta layi uku, sannan ya yi mana sharhi har shayi ya huce.

"Malama, ba lallai ki gane ba," yakan ce mini. "Abin yana da zurfi."

Ana tsakiyar zafin Yuli ya sanar cewa shi ma zai yi tafiyar ƙafa, daga ƙofar gidansa har bakin teku. Ya samo malfa irin ta masu yankan ciyawa, ya cire kan tsintsiyar goge ƙasa ya mayar da ƙotar sanda. Ranar Asabar da hantsi ya biyo ya yi mana ban kwana kamar mai tafiya aikin Hajji. Maigidana, mai kunyar mutane ne, har da yi masa addu'a. Ni ina bakin taga ina kallon sabon takalmin da ya saya don tafiyar talauci.

Ko azahar ba a yi ba wayar gida ta yi ƙara. Maigidana ya riga ya fita, sai na ɗauka.

"Malama, ko motarku tana kusa?"

"Dokta, har ka isa tekun?"

Ya ce ƙafarsa ce ta yi bororo.

Na same shi a High Point Road, ko gari bai fita ba, cikin kantin wani Alhaji ɗan Nijar, ya miƙe ƙafa a kan buhun shinkafa, lemo mai sanyi a hannu ɗaya, kilishi a ɗayan. Yana yi wa mai kantin bayanin kaɗaicin matafiyi, Alhaji na ta "to, to" yana jera gwangwanin tumatir.

A mota ya ce tafiyar ta haifar masa da waƙa, a kan baƙon da ba shi da kowa a duniya sai inuwarsa. Yana gama karantawa ya ce in ƙara masa sanyin mota. Na ƙara. Na kai shi har ƙofar gidansa, inda muka tarar matarsa ta dawo daga aiki ko mayafi ba ta cire ba. Sannu bai yi mata ba. Ruwan ɗumi ya nema da gishiri, ta ɗora masa.

Kafin ganye ya fara zuba ya watsar da haiku, ya koma maganar dillancin gidaje. Daga baya suka ƙaura Atlanta. Wata da ta je bikin suna a can ta ba ni labarin ta gan shi a tsakiyar maza, yana faɗa musu yadda ya taɓa ratsa Carolina a ƙafa.