Kurciyar da Ta Kasa Magana Gaban Alƙali

Tun da na yi wayo ban taɓa jin kakata Iya ta kira sunana ba. Haruna ake ce mini, amma ita "maigidan banza" take cewa, ni kuma na ɗauka wasan jika ne kawai.

A Dangora muke a lokacin, shekarun da ake ta hayaniyar zaɓen farko. Da an ci tuwo sai mu zagaye murhunta, ta tura gyaɗa cikin toka, ta ɗauko mazarinta tana kaɗi. "Ku matso, ga wata nan tafe," in ji ta, mu kuwa mu ce ta iso lafiya. Tatsuniyoyinta duk na dariya ne, ban da guda ɗaya da take yi sau ɗaya a shekara, in an gama girbin dawa.

Wai Kurciya ce mijinta ya mutu ya bar ta da ɗanta na fari. Sai wan mijin ya zo ya ce ɗa na dangin uba ne, shi zai riƙe. Magana ta kai gaban Gauraka, alƙalin tsuntsaye. Wan mijin ya zuba bayani tun hantsi har rana ta take. Gauraka ya juyo ya ce, "Kurciya, kina son ɗan nan ya zauna wurinki?" Ta sunkuyar da kai. Ya ce, "To faɗi sunansa, in ji daga bakinki." Ta yi shiru, don zauren cike yake da surukai. Sau uku yana tambaya. A ƙarshe ya ce tunda uwa ba ta nema ba, a ba mai nema. Aka tafi da ɗan yana waiwaye. Shi ya sa har gobe kurciya ke kuka a maƙogwaro, sunan take kira ba ta buɗe baki ba.

Wata shekara haushi ya kama ni, na ce, "Iya, wannan ai wawuya ce. Ta ce ina so mana."

"Kai, maigidan banza, 'yar mutunci tana cewa tana son ɗan fari a gaban mutane? Ko sunansa ai ba ta kamawa." Mazarin ya tsaya a hannunta. Can ta ce, "Amma ka faɗi gaskiya. Wawuya ce." Ta goge ido da bakin zane, ta ce itacen nan ɗanye ne. Ta kore mu ba ta ko raba gyaɗar ba.

Sai ranar sadakar ukunta mahaifiyata ta gaya mini. Kafin Iya ta auri kakana, mijinta na farko ya rasu ya bar ta da ɗanta na fari, ɗan shekara shida. Alƙali ya so ya bar mata shi, kalma ɗaya yake jira, alkunya ta ɗaure mata baki. Baffansa ya tafi da shi Doguwa, damina ta biyu ƙyanda ta kashe shi, ba ta sake ganinsa ba. Sunansa Haruna. Da aka haife ni, ita ta aika a roƙi babana ya sa mini sunan.

Na yi shekaru ina rubuta wa mutane takardar koke a bakin kotu. In mace ta zo kan maganar ɗanta tana noƙe-noƙe, sai in ajiye alƙalami in ce, "Baiwar Allah, faɗi sunansa da ƙarfi tun a nan, in ji." Wasu su ce na cika matsawa. Ban taɓa yi musu bayani ba.

Abin da ke cina har yau, da na ce mata wawuya ba ta musa ba. Ni kuma na tashi a wurin ina murna na kayar da Iya a gardama.