Shanun da Suka Kai Ni Beljik

Duk faɗin ƙasar Mayahi, a zamanin da nake magana, babu mahaluƙin da ya san saniya kamar ni. Haka nake gaya wa mutane a lokacin, kuma har yau in na samu baƙon da bai san ni ba ina maimaita masa. Nakan ce in saniya ta yi kuka a Cake, ina zaune a biro, ofishina na cikin Mayahi, zan faɗi shekarunta da abin da ta ci jiya. Ina da diplom daga Yamai, ina da farar rigar ma'aikatar kiwo, ina da littafi mai hoton saniya an buɗe cikinta an sa wa kowane hanji lamba. Babban digiri kaɗai ya rage mini, kuma wata jami'a a Beljik ta rubuto cewa ta karɓe ni.

Sai dai burs, tallafin karatu na gwamnati, babu. Shekarar fari ce, soja ke mulki, abin da gwamnati ke da shi ya tafi ga kamyon jar dawa da ake raba wa ƙauyuka. Mai son karatu waje sai ya ɗauki nauyin kansa, jirgi da makaranta da ɗakin kwana. Na dubi albashina, na ga zai kai ni Maraɗi ya maido ni, in ban ci komai a hanya ba.

Nan na tuna ina da shanu. Ranar sunana kakana na wajen uwa ya ba ni karsana, aka danƙa ta hannun aminin Baba, wani Bafulatani na wajen Isawan da muke kira Baffa. Tun ina ƙarami nake jin ta haihu, ɗiyarta ta haihu, wani fari da aka yi a baya ya ci wasu, uku sun rage. Ban taɓa zuwa na gan su ba. A ganina na lokacin, hoton da ke cikin littafi ya isa.

Na hau mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗina, na tafi gida Hawandawaki na kai magana. Inna ta ce ta ji labari can rana ba ta fitowa sai da izni, kuma babu gero, me zan ci. Damuwar Baba ta fi nauyi. Geron gandu ya bushe tun bai yi kai ba, rumbu ya kusa ƙasa, an rufe iyaka ba damar cin rani a Katsina, buhun da nake aikowa kowane wata shi ke riƙe da gidan. Shanun nan kuma, in komai ya ƙare, su ne abin jingina. Na miƙe na yi musu jawabi tun azahar har la'asar, kan yadda zan dawo in sa shanun ƙasar nan su riƙa ba da nono kamar pampo. Baba ya bari na gama.

"Shanun naka ne," in ji shi. "Ka tafi wurin Baffanka. In ka shiga garke ka nuna su da hannunka, ba wanda ya taya ka, sai mu yi maganar tafiya."

Na yi dariya a zuci. Wannan ai jarrabawar ajin farko ce.

Hanyar Isawan yashi ne zalla, mobilet ɗin ta hau ni fiye da yadda na hau ta. Baffa ya tarbe ni da ruwa a ƙwarya, yana ba da haƙuri cewa nono ya yi wata biyu bai shiga bakinsu ba. Na gaya masa sharaɗin Baba. Ya ce to, likita, ga garke.

Na sa farar rigata na shiga. Na buɗe baki na duba haƙora, na ja kunne, na shafa tozo, ina kaɗa kai. Dabarata mai sauƙi ce. Tun lokacin ina da ɗan tumbi, don haka na ce shanuna dole su yi kama da ni. Na zaɓi uku da suka fi kowa tsoka, na tsaya ina jiran tafi.

Baffa ya ce ta farko ta wani Alhaji ce a Tasawa, mai aiko mata da angurya kowace kasuwa. Ta biyu ta matarsa ce. Na ukun kuwa, ya ce in ɗan sunkuya in duba. Na sunkuya. Sa ne.

Ya ja ni bayan ruga, gindin wani gawo, inda shanu uku ke kwance, haƙarƙarinsu a fili kamar an fara saƙar zana ba a gama ba.

"Ga naka nan, ɗana."

Ba su iya tashi da kansu. Kowace safiya ƴaƴan Baffa huɗu, duk magidanta, su zura sanduna ƙarƙashin cikin saniya su ɗaga, wani ya riƙe wutsiya, har ƙafafunta su tuna aikinsu. In aka bar ta kwana biyu kwance, an yi bankwana da ita. Baffa ya ce in na kai su kasuwa haka, mahauci zai saya don fata, kuma abin da zan samu ba zai sayi zakara mai mutunci ba.

Na faɗi jarrabawa, kuma dukiyar da na dogara da ita tana kwance tana kallona. Na zauna kan tushen gawon na daɗe. Abin da na sani shi ne Beljik zan je, ko a bayan jaki. In shanun nan ne hanya, to sai sun tashi.

Na rubuta wa jami'ar na roƙi shekara guda, suka yarda. Na nemi a maida ni ƙaramin wurin allurar dabbobi da ke kusa da Isawan, inda ba ma'aikacin da ke son zuwa. Suparfe, shugaban gundumarmu, wani kaftin marar dariya, ya dubi takardar ya tambaye ni laifin da na yi. Na ce ni na roƙa. Ya sa hannu yana kallona kamar mai tunanin kiran likita.

A rabon aiki wutsiya aka ba ni. Wanda bai taɓa riƙe wutsiyar saniya mai gudawa da farar riga ba, kada ya ce mini ya san wahalar karatu. Mun kakkaɓe gawo muna ba shanun ƴaƴansa har ya fara jin tsoronmu. Inna, duk da ba ta son tafiyar, ta riƙa tara mini dusa gida-gida. Da ciyawa ta ƙare ƙaf, na je Hawandawaki na kware jinkar ɗakina, na loda a amalanke, muka jiƙa tsohuwar ciyawar da ruwan kanwa muka ba su. Baba yana tsaye yana kallon ɗakin babu kai. Ɗaya ta mutu cikin bazara, ranar ban iya cin tuwo ba.

Ni kuma, don kada ilimi ya lalace, ban bar mutanen ruga cikin duhu ba. A bakin rijiya, a hanyar kiwo, a inuwar tsakar rana, ina buɗe littafi in yi musu bayanin cikin saniya guda huɗu, kowane da sunansa na Faransanci. Baffa, wanda ya yi shekara sittin yana kwana cikin shanu, sai ya ce to, likita. Na ɗauka sha'awa ce, na ƙara darasin yamma.

Da damina ta sauka, wata safiya muka zo da sanduna muka tarar biyun suna tsaye da kansu. Kafin kaka sun murje. Kowa na neman maida garken da ya rasa, saniya mai rai ta zama abin rububi a kasuwa, kuma gandu ya yi gero har rumbu ya cika. Amma sharaɗin Baba yana nan, na faɗi jarrabawarsa, kuma ba zan hau jirgi ba sai da yawunsa.

Na shirya sabon jawabi, wanda ya ninka na farko, na tafi gida. Na tarar Baffa ya riga ni da kwana ɗaya, shi da Baba suna zaune kan tabarma guda. Ko gaisuwa ban gama ba Baba ya ce in sayar, in tafi, Allah ya tsare. Jawabin ya tashi a banza. Na gyara zama, na ce ashe dai Baba ya ga irin ƙoƙarin da na yi, ya gane amfanin karatun.

"Karatun har yanzu ban gane shi ba," in ji Baba. "Baffanka ne ya zo ya roƙe ni don Allah. Ya ce in akwai ƙasar da ta fi Beljik nisa a tura ka can, su da shanun su samu su huta."