Yadda Na Zaɓa wa Malama Sabina Manhaja

Malama Sabina Shekari 'yar Kutemeshi ce. Mahaifinta manomi ne mai kafa amya a bakin daji, saboda haka tun tana ƙarama ta san zumar ɗorawa da ta kaɗanya daga ƙamshi kawai. Shekara goma sha tara ta yi tana koyar da ilimin halittu a sakandaren da nake koyar da kwamfuta a Birnin Gwari. Sai da autarta ta shiga jami'a sannan ta nemi digiri na biyu a Zariya, ta ce za ta yi bincike kan itatuwan da ƙudan zuma ke bi a gefen dajin Kamuku.

A lokacin daji ba ya shiguwa saboda 'yan bindiga. Dole ta dogara da abin da masana suka rubuta, da kuma bakin tsofaffin masu ɗibar zuma da suka yi gudun hijira zuwa cikin gari. Duk littafi ko maƙalar da ta karanta, sai ta yanki kati ta rubuta sunan marubuci da shekara da shafi, ta jefa cikin kwalin takalmi.

Ranar da na ga kwalin nan a ɗakin malamai har da riƙe ciki don dariya. Na yi mata bayani cewa yanzu akwai manhajar da ke adana wa mai bincike duk madogararsa, idan yana rubutu ta saka masa sunan marubuci inda ya dace, a ƙarshe ta jera masa su tsaf. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To ƙanena Japheth, tunda fanninka ne, zaɓo mini ɗaya."

Dokin mai baki ya fi gudu. Mako bakwai na yi ina zaɓe. Na sauke guda uku, na zana jadawali a allon ɗakin malamai ina kwatanta su, har shugaban makaranta ya roƙe ni in bar masa wurin rubuta sanarwa. Daga ƙarshe na tsaya kan wadda komai nata ke kan intanet. Na gaya wa Malama cewa ko kwamfutarta ta faɗa rijiya aikinta ba zai ɓata ba. Gaskiyar maganar kuwa, launinta ne ya burge ni. Na shigar da katuna ɗari da arba'in da hannuna, na kuma ba ta shawara ta hura wuta da kwalin.

Ba a yi kwana goma ba aka rufe layukan waya a yankinmu saboda matsalar tsaro. Babu kira, balle intanet. Na buɗe kwamfutarta a gabanta, sai farin shafi yana kallona ina kallonsa. Na fara kame-kame, ina cewa aikin yana nan lafiya lau, kaiwa gare shi ne kawai ba za a iya ba. Ta sunkuya ta jawo kwalinta daga ƙarƙashin tebur, ashe ko kati ɗaya ba ta yar ba. Da shi ta rubuta babi biyu kafin layi ya dawo, ni kuma na koma cin abincin rana a ɗakin kwamfuta ni kaɗai.

Da layi ya dawo, ba ta sake tuntuɓata ba. Ta kira Gloria, abokiyar karatunta a Zariya, ta tambaye ta ko akwai wadda ke aiki babu intanet, wadda ba a biya, kuma ba ta lalata haruffa masu lanƙwasa a sunayen itatuwa. Gloria ta faɗa mata ɗaya. Ina zaune a wurin, duk hirar ba ta kai minti biyar ba. Manhajar tana cikin ukun da na gwada, na yar da ita ne don na ga fuskarta ba ta da ado.

Don in wanke kaina na roƙe ta ta ba ni wani aiki. Ta tausaya, ta ba ni hirarrakin da ta yi da tsofaffi in shigar. Cikinsu akwai Bappa Idrisu, wanda ya fi kowa sanin dajin. Manhajar na da gurbin hira, amma ban duba ba, na cusa shi a gurbin maƙalar mujalla. Da manhajar ta nemi lambar fitowar mujallar, sai na sa mata shekarunsa.

Ranar kare bincike, farfesan da aka gayyato ya tsaya a kan sunan. Ya ce shekara talatin yana karatu kan ƙudan zuma bai taɓa cin karo da wannan masani ba, a wace mujalla ya buga aikinsa?

Malama ta duba shafin, nan take ta gane hannuna. Ta ce, "Ranka ya daɗe, Bappa bai taɓa shiga aji ba. Yana zaune a bayan tashar mota a garinmu. Saba'in da huɗun nan shekarunsa ne."

An ce farfesan ya daɗe yana dariya, sannan ya shafe rabin sa'a yana tambayarta abin da Bappa ya faɗa game da furen maɗaci. Ta ci jarrabawar, da sharaɗin ta gyara shafin.

Yanzu duk Asabar ɗin ƙarshen wata malaman da ke ƙaro karatu suna taruwa a makarantarmu tana koya musu amfani da manhajar. Ni ma ina zuwa. Ni ne mai tayar da janareta.