Keken Ɗinkin Mama ta Nyanya

A shekararmu ta ƙarshe a sashen injiniya, mu uku aka haɗa a aikin kammala karatu: ni kaɗai mace, sai wani ɗan Kano da wani ɗan Benuwai. Muka zaɓi ƙera keken guragu mai batir, wanda in ya ji abu a gabansa sai ya tsaya da kansa. Wata huɗu muna fama. A kan simintin ɗakin gwaji tafiya yake sumul, har 'yan wasu azuzuwa na leƙowa kallo.

Malaminmu ya ce ba zai sa hannu ba sai mai buƙatar keken ya hau. Ɗan Benuwai ya ce akwai wata tela 'yar Filato a cocinsu a Nyanya, haɗarin mota ya kashe mata ƙafafu. Kowa Mama yake ce mata.

Ranar wata Asabar muka sha cunkoso muka isa. Muka ɗora ta a keken a ƙofar gidanta. Lungun duk duwatsu ne da kwata. Keken ya yi taku biyu ya ci burki saboda dutse. Ya sake motsi, kaza ta gifta, ya ƙame. Mama ta yi dariya har da hawaye.

"Yarana, wannan keke ya fi ni tsoro," in ji ta.

Da muka shiga shan ruwa na ga keken ɗinki a kusurwa, an rufe shi da zani. Na ce, "Mama, kin daina ɗinki ne?"

"Hannu lafiya, ido lafiya. Ƙafa ne ya ƙi taka feda. Coci, ƙanena yana kai ni. Kasuwa, ina aika. Amma daga safe har yamma bango nake kallo."

A hanyar komawa ni dai kunya ce ta ishe ni. Wata huɗu muna zana abin da muka ga ya dace da gurgu, ba mu taɓa zama da ko mutum ɗaya mun tambaye shi ba.

Washegari na ce mu sauya aikin. Ɗan Kano ya ce na haukace, saura sati shida. Malam ma ya yamutsa fuska, ya ce abin ya yi ƙanƙanta, amma ya bar mu. Muka ciro injin keken guragun da na'urar da ke jin motsi, muka ɗaura su a keken ɗinkin: in ta matso da gwiwar hannunta ya tashi, in ta janye ya tsaya, in yatsa ya kusanci allura injin ya mutu nan take.

Gwajin farko gudu ya yi yawa, ya yaga mata atamfa. Ba ta yi fushi ba. Ta riƙe hannuna ta nuna mini yadda tela ke rage gudu a kwanar wuyan riga, abin da ba ya cikin littafinmu. Sau huɗu muna komawa. A zuwa na ƙarshe ta sa yadi, ta matso da hannu, allura ta kama aiki a hankali. Muka tsaya a kanta muna jiran yabo. Ba ta ko ɗago ba.

"Ku matsa, kun tare mini haske."

Maki matsakaici muka samu, kuma ɗan Kano ya daɗe bai huce ba. Mama kuwa kafin Kirsimeti ɗinki ya dawo mata. Ita ta ɗinka mini rigar da na sa ranar yaye mu. Hannun hagu ya ɗan fi na dama tsawo. Ta ce in mayar ta gyara, wai hannunta bai gama tunawa ba. Ban mayar ba, haka na sa ta.