Irin Kabewar Kaka

Gidan da na tashi a unguwar Gorton, a Manchester ta Ingila, ba shi da murhu, don haka Kaka ta mai da oben ɗin kicin murhunta. "Tanderun Turawa" take ce masa cikin raini, amma kullum bayan magariba tana gabansa a kan 'yar kujera, ƙafafu a miƙe, gurasa na kumbura a bayan gilashi. Mahaifiyar Abbana ce. Takan zo daga Kano idan sanyi ya fara sassautawa, ta raba zamanta tsakanin gidanmu da gidan Baffa Sani a Birmingham, ta gudu gida kafin sanyin ya dawo.

Ranar da ta iso ake fasa kabewar ƙarshe ta bara, wadda muka adana mata a ƙarƙashin bene. Umma ta ɗora miyan taushe, Kaka ta kwaɓa fulawa, ni kuma aikina jera kofunan yogot a bakin taga. A nan ake fara shuka, don idan aka kai waje da wuri raɓar sanyi za ta kashe ta. Kaka ta kwance bakin zanenta ta fito da iri, ta danna ƙwaya uku a kowane kofi. Na taɓa tambayarta me ya sa uku, ta ce, "Ke, wa ya ce miki duka suke fitowa? Wata ta ruɓe, wata dodon koɗi ya cinye. Wadda ta tsira ita ce tamu."

Idan an gama, sai in zauna a ƙasa in jingina da gwiwarta, ɗumin oben na dukan fuskata.

"Ga wata nan tafe, ƙawata, buɗe mata ƙofa," in ji Kaka, haka take buɗe tatsuniya.

"Ta shigo ta ji ɗumi," in ce.

Tatsuniyoyinta da yawa, amma ta ranar shuka ɗaya ce, ba ta canzawa. Wata tsohuwa ce za ta yi tafiya mai nisa, ta duba yaran gari kaf, ba ta ga mai amana ba sai wata yarinya, Binta. Sunana ke nan, kuma duk lokacin da ta faɗe shi sai ta ɗan ja min kunne. Tsohuwa ta ɗaura wa Binta irin kabewa a zane. Sai aka yi fari, kowa ya soye irinsa ya cinye. Kura ta zo da zaƙin baki, Binta ta hana. Uwarta ma ta roƙa, ta hana. Da ruwa ya sauka, gari duka ba mai abin shukawa sai ita, kabewarta ta yaɗu har ta haura katangu, kowa ya ci ya rayu.

"Ta fita ta ja ƙofa, gurasa ta nuna," in ji Kaka. Sannan ta sunkuyo ta rage murya. "Wannan irin tun na kakata ne. A duk jikokina ke kaɗai na ba. Idan ya mutu a hannunki, ya mutu ke nan. Kada ki ba kowa."

Na ɗauki maganar nan da zuciya ɗaya. Bayan rasuwarta ban taɓa tsallake shekara ban shuka ba. Umma ta roƙa wa wata ƙawarta 'yan ƙwayoyi, na hana, ta yi fushi da ni har ta gaji. Da na yi aure, mijina Bashir ya samo mana gida mai kyau a saman bene kusa da wurin aikinsa, na ce ba inda za ni tunda babu ƙasa. Muka zauna a wani tsohon gida mai yoyo saboda ɗan filin bayansa, shi kuma yana hawa bas biyu kowace safiya. Rigimar da muka sha a kan wannan, Allah kaɗai ya sani. Shekarar da dodon koɗi ya kusa ƙare min shuka, kuka na yi kamar an yi mutuwa.

Bana, da sanyi ya fara sassautawa, na je unguwar Handsworth a Birmingham duba Hauwa, 'yar Baffa Sani. Muna yara ba mu cika zuwa gidansu ba, sai yanzu da muka girma zumunci ya yi ƙarfi. Na tarar tana gasa biredi, yaranta sun zagaye oben. Ina cire takalmi na ji muryarta daga kicin: "Sai tsohuwa ta duba yaran gari kaf, ba ta ga mai amana ba sai wata yarinya, Hauwa."

Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Da na shiga, ga kofunan yogot jere a bakin taga.

"Wa ya ba ki wannan?" na ce, ko gaisuwa babu.

"Kaka mana. Ai secret ne, ni kaɗai ta ba. A bayan shed ɗin ajiyar kaya nake shukawa tun ina primary." Ta dubi fuskata, ta ajiye tire. "Binta, kar dai ke ma?"

Ita dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce bari mu ga iyakar abin, ta kira Yaya Nura a waya, wana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muka tashi ɗaki na kallon ɗaki. Ya ce, "Oh, seeds ɗin Kaka? Ai tun ina university suka ruɓe a flat ɗin da nake haya a Hulme. Don Allah kar ku gaya wa kowa, ni kaɗai ta ba."

Ban iya cin biredin ba. Raina ya ɓaci, ɓaci na gaske, irin wanda ba ka da wanda za ka kai wa ƙara. Matar da na fi yarda da ita a duniya ta dubi idona ta shirga min ƙarya, shekara da shekaru, tana ja min kunne. A jirgin ƙasa na komawa Manchester na tuna fushin Umma, na tuna Bashir tsaye a tashar bas cikin ruwa.

Na san abin da za a ce min. Tsohuwa ce mai tsoron kada abin kakarta ya ɓace a ƙasar sanyi, ta yi dabarar da ta sani. Na gane, amma ganewa ba ta sa na huce ba. Da ta ce min mu uku ne, da na riƙe mata duk da haka, ko kuwa da ban riƙe ba? Ita ba ta yarda ta gwada ni ba.

Jiya na jera kofuna a bakin taga, 'yata Amira na miƙo min iri. Ta ce, "Mummy, why three?"

Na buɗe baki zan ba ta amsar Kaka, sai na dubi ƙwayoyi ukun da ke tafin hannuna. Duk shekarun nan ina zaton ni ce mai shukar. Ashe ƙwaya ɗaya ce ni a cikin ukun da ta danna a kofi, ta koma Kano tana jiran ta ga wadda za ta fito.