Loretta Pardy, Wadda Ta Hana Ni Amsa

Loretta Pardy ta ajiye aiki ranar Juma'ar da ta wuce, bayan ta ƙarar da ƙuruciyarta tana bin garuruwanmu na gaɓar tekun Newfoundland gida-gida. Ni ne Ambrose Keeping, masunci. Ban wuce aji huɗu ba, kuma ba na yabon mutane. Wannan zan yaba.

Aikinta shi ne zama da iyalan da ciwo ke bin jininsu. Namu na zuciya ne. Namiji yana tsaye da ƙarfinsa, sai ya faɗi. Haka 'yan'uwan matata uku suka tafi. Haka ɗanmu Leander ya tafi, a cikin jirgina, yana jan koma, ina kallo.

Da sassafe take fita a tsohuwar motarta, ko ƙanƙara na zuba. Ba ta bin ƙofar gaba kamar baƙuwa. Ta ƙofar kicin take shiga, ta cire takalmi, ta ja kujera. Ba ta maganar jini sai an zuba shayi. Sannan ta ce, "Ku ba ni labarin mamacin. Me ke ba shi dariya?"

Ranar farko na ce mata, "Yarinya, gwaji aka turo ki yi, ko zaman makoki?"

Ta ce, "Duka biyun, Kyaftin. Miƙo sukari."

Na ji an ce a jami'a ba ta tsaya kan ilimin gadon cuta ba. Ta haɗa da karatun abin da ya dace mai aikin lafiya ya yi da wanda bai dace ba, ta kuma karanci labaran marasa lafiya. Na ce mata wannan ai ɓata lokaci ne. Ta ce, "Na farkon ya koya mini karanta jini. Na biyun ya koya mini kama bakina. Na ukun kuwa, don zama da irinka ne."

Ku tambayi maƙwabciyata Philomena Hynes. Loretta ta yi ta zarya gidanta har 'ya'yanta maza suka yarda aka gwada su. Aka sa wa biyu 'yar na'ura a ƙirji, wadda ke tayar da zuciya in ta tsaya. Ɗayan ya faɗi a daji yana saran itace, na'urar ta tashe shi. Yana nan da ransa, har yau bai iya karta ba.

Ku tambayi Cyril mai gyaran injin jirgi. Shi ya ce ba ya son sani. Ba ta matsa masa ba. Duk shekara takan leƙa ta ce, "Har yanzu a'a?" Ya ce, "Har yanzu." Ta sha shayinsa ta tafi.

Sai nawa. Winston, ɗan Leander, shi kaɗai ne jikana, kuma jirgin yake so. Da ya girma ya je da ƙafarsa aka gwada shi. Ya dawo bai faɗa mini sakamakon ba. Na je wajen Loretta na ce ta faɗa mini.

Ta ce, "Nasa ne, Kyaftin."

Na ce, "Jinina ne! Ni na binne ubansa. In na ba shi jirgi ya faɗi a tsakiyar teku, wa zai amsa?"

Idonta ya cika da hawaye, amma bakinta bai buɗe ba. Na daki tebur. Ta zauna har na gama. Na daɗe ba na amsa gaisuwarta, ita kuwa ba ta fasa gaishe ni ba.

Jirgin yana nan ɗaure. Winston yana aiki a jiragen wasu. Har gobe ina ganin ina da haƙƙin tambaya. Amma na san abu ɗaya: da ta faɗa mini, da kafin magariba duk garin ya ji cewa bakinta na yoyo, kuma da babu ɗan Philomena ko ɗaya da zai miƙa mata hannu a ɗibi jini.

Loretta, ke ce ƙullin da ruwa bai kwance ba. Kin zauna a kicin ɗinmu, kin koyi sunayen matattunmu, ba ki sayar da sirrin rayayyunmu ba, ko don tausayin tsoho. Na gode. Ku kuma yaran da ke shirin wannan karatu, kada ku ɗauki na jinin kaɗai ku bar sauran. Ku ɗauka duka, kamar yadda ta yi.

A walimar bankwana da aka yi mata a zauren coci, na same ta kusa da tukunyar miyar kifi. Na ce, "To, yanzu kin ajiye aiki. Babu mai korarki. Faɗa mini."

Ta ce, "Ga Winston can yana jera kujeru. Ka taɓa tambayarsa da bakinka?"

Ban taɓa ba. Na juya na dube shi.

Ta ce, "To je ka. Ni dai a'a, Kyaftin. Ba zan faɗa maka ba."