Telan da Ƙafarsa Ta Yi Shiru

Tun yana saurayi yake taka keken ɗinki a shago ɗaya, a lungun da ke bayan masu sayar da kwanuka. Kowa Tela yake ce masa, har jikokinsa in tsokana ta motsa. Ciwon sukari ya same shi bayan furfura ta fito. Magani dai yana sha, shayi mai zaƙi kuma yana sata.

Abin ya fara ne da tsakar rana. Ya gama kalmasa, ya ɗauke hannu, keken bai tsaya ba. Allura sai dukan iska take. Ya leƙa ƙasa, ya ga ƙafa tana ta aiki, har da tabon da ya sani a babban yatsa. Tasa ce, amma ko kaɗan bai ji ta ba.

Ya ɓoye wa kowa abin, sai ranar da ya ga sawun jini a siminti, tun daga ƙofa har gindin kujerarsa, ga shi babu kowa a shagon sai shi.

A asibiti, nas ɗin masu sukari ta wanke ciwon da ke tafin ƙafarsa, ta ɗauko wani siririn zaren roba.

"Baba, rufe ido. In ka ji na taɓa, ka ce e."

Ya rufe. Yana jin fanka, yana jin tarin wani a waje.

"To 'yata, fara mana."

"Ai na gama, Baba."

Ya buɗe ido. Ta ce sukari ne ya kashe jin, kuma ciwon da ba a gani da wuri ba, shi ke kai mutum ga yanke ƙafa.

"Mafi sauƙi ka huta da keken nan."

"In huta in ci me? Kujera?"

Ta yi dariya, ta ja kujerarta kusa. "Ƙafarka ce, ni ba bin ka gida zan yi ba. Tunda ta daina magana, wa zai riƙa duba mana ita?"

"Cikin nan nawa ba ya bari in sunkuya." Sai ya tuna da shagonsa. "Akwai madubin da masu gwada kaya ke kallo. In na kwantar da shi a ƙasa fa?"

A haka suka tsaya: hutu har ciwon ya rufe, sannan takalmi rufaffe, madubi safe da yamma.

Wata safiya bayan ya koma aiki, wata mata na tsaye tana jiran rigarta, ya ɗaga diddige bisa madubin. Kan fil ɗin ɗinki ne ke ƙyalli, ya nutse cikin nama, ba zafi ba komai.

"Tela, sauri nake fa!"

"Ki yi haƙuri, ƙanwata, sai gobe," ya ce, yana laluben kwaɗon shago. "Taimaka ki tsayar mini da abin hawa, asibiti za ni."